Asalin Justice League na 1962 da na 2011: me ya bambanta su?

Ɗan'uwa ya tambaya a zauren nan ko me kamfanin DC, mai buga littattafan labarai na zane, ya sauya a labarin kafuwar ƙungiyar jarumai ta Justice League lokacin da ya sake fara jerin littattafansa daga lamba ta ɗaya a shekarar 2011, kuma wanne ya kamata sabon mai karatu ya fara ɗauka.

Ƙungiyar ta fara bayyana a 1960, amma sai a 1962, a fitowa ta tara ta littafin Justice League of America, Gardner Fox da mai zane Mike Sekowsky suka ba da labarin yadda ta haɗu. Mayaƙa bakwai daga duniyar Appellax sun sauko doron ƙasa suna takarar gadon sarauta. Jarumai biyar, wato Martian Manhunter da Aquaman da Flash da Green Lantern da Wonder Woman, kowa ya gama da wanda ya tare shi, shi kaɗai, sannan wani daga cikin baƙin ya mai da su itatuwa, ba su kuɓuta ba sai da kowa ya ara wa ɗan'uwansa baiwarsa. A nan suka gane amfanin haɗuwa, kuma duk wannan ya ƙare a fitowa guda.

Na 2011, wanda Geoff Johns ya rubuta Jim Lee ya zana, ya ci fitowa shida, kuma ya soma ne daga rashin yarda. Jama'a na tsoron jaruman, jiragen 'yan sanda na harbin Batman a kan rufin gidajen Gotham, haɗuwarsu da Superman ta farko kuwa da dambe ta fara. Abokin gabar shi ne Darkseid, shugaban maharan da suka zo daga wata duniya, wanda ya fi ƙarfin kowannensu nesa ba kusa ba.

Babban sauyin shi ne cire Martian Manhunter daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, aka sa Cyborg a gurbinsa. Wannan ne wurin da sabon labarin ya fi burge ni. Victor Stone, wanda ya zama Cyborg, matashi ne ɗan wasan ƙwallon Amurka, mahaifinsa masanin kimiyya ba ya zuwa kallon wasansa. Na'urar maharan ta fashe ta ragargaza jikinsa, mahaifin nan kuma ya ceto ransa da ƙarfe da fasaha. Ke nan harin da ya tara ƙungiyar shi ya haifi jarumi ɗaya a cikinta, kuma shi ne ya buɗe ƙofar da aka tura Darkseid ya koma inda ya fito.

Inda ya gaza tsohon kuwa shi ne dalilin zama tare. An ɓata shafuka da yawa kan cacar baki da nuna isa, har mai karatu ya rasa abin da zai riƙe su bayan yaƙin, in ban da lokacin da Batman ya cire abin rufe fuskarsa ya gaya wa Green Lantern sunansa na gaskiya.

Shawarata ka fara da na 2011, tun da ba ya buƙatar sanin tarihin kowa, sannan ka nemi na 1962, wanda zama ɗaya ya isa ka karance shi.