Farashin rubuce da farashin baki: yadda za ka zaɓi abin da ya cancanci kuɗinka a ƙasar mutane

Tikitin jirgi da ɗakin otal ba kasafai suke cinye kuɗin hutu ba, domin su mutum kan zauna ya auna su tun yana gida, ya leƙa nan ya leƙa can. Inda aljihu ke yoyo shi ne ƙananan cinikin da ake yi a tsaye, ga gajiya ga jaka a hannu, wani kuma ya tsaya a kanka yana ta cewa ka yi sauri. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma akwai waɗanda sana'arsu kenan su hango wannan makanta tun daga nesa. Abin da yawo ya koya mini shi ne kusan duk abin da baƙo zai saya farashinsa biyu ne: akwai wanda hukuma ko masu wurin suka rubuta, akwai wanda za a faɗa maka da baki. Aikinka kafin ka tashi shi ne ka nemo na rubucen.

Daga filin jirgi ake fara cin baƙo, kuma zaɓin uku ne: jirgin ƙasa, tasi mai lasisi, ko mutumin da ya taro ka tun a cikin zaure yana raɗa maka "tasi, tasi". Na ukun nan kada ma ka tsaya kallonsa. Direba mai lasisi yana layinsa a waje, ba shi da lokacin farautar fasinja. Ni na taɓa bin irin wannan mutum, dare ya yi, ƙafafuna sun kumbura da zaman jirgi, ya karɓi jakata da fara'a kamar ɗan'uwa. Sai da muka hau babban titi na lura mitar motar a kashe take. Na tambaya, ya daki gilashinta da yatsa ya ce ta lalace. A ƙofar otal ya faɗi kuɗin da ya kusa ninka na gaskiya sau uku, jakata kuwa tana kulle a but, makulli yana hannunsa. Na biya. Har yau abin na yi mini ciwo, domin da na san adadi ɗaya tak da ban shiga motar ba.

Adadin kuwa a rubuce yake. A Paris, tasi daga filin Charles de Gaulle zuwa cikin gari kuɗinsa ƙayyadadde ne: a 2024 yuro 56 zuwa arewacin kogin Seine, yuro 65 zuwa kudancinsa. Jirgin ƙasa na RER B kuma yuro 13 ne a 2025. A Roma, tasi daga Fiumicino zuwa cikin tsohuwar ganuwa yuro 55, jirgin Leonardo Express yuro 14, cikin minti 32 ya sauke ka a tashar Termini. Lissafin a fili yake. In kai kaɗai ne, jirgi. In ku huɗu ne da kaya a Roma, kuɗin jirgin ya zama 56, ka ga tasin ya fi sauƙi kuma har ƙofa zai kai ku. A Landan, a 2024 jirgin Heathrow Express na karɓar fam 25 don tafiyar minti 15, layin Piccadilly na ƙarƙashin ƙasa kuwa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ba, sai dai ka ba shi kusan awa guda.

Sai canji. Teburin canjin da ke filin jirgi da na bakin wuraren yawon buɗe ido su ne mafi muni, musamman masu babban allo da ke cewa ba sa cire la'ada. La'adar tana nan, an dai cusa ta a cikin farashin. Kafin kuɗinka su bar hannunka, ka ce a rubuta maka nawa za a damƙa maka cif-cif. Cutar ta yi yawa a birnin Prag har ƙasar Cek ta yi doka a 2019 da ta ba mutum damar soke canjin cikin awa 3 a mayar masa da kuɗinsa, matuƙar ba su wuce kimanin yuro 1,000 ba. Cire kuɗi a na'urar da ke jikin banki ya fi, ka guji waɗanda aka dasa a ƙofar shagunan tsaraba.

Akwai kuma tarkon da ba ya kama da tarko. Ka miƙa kati a shago, allon na'ura ya nuna maka layi biyu: a cire da kuɗin ƙasar da kake ciki, ko da kuɗin da asusunka ke ɗauke da su. Na biyun yakan fi kwanciya a rai, tunda adadi ne da ka saba da shi, wani lokaci ma an yi masa launi mai jan ido. To wannan na nufin kamfanin na'urar ne zai yi canjin da farashin da ya ga dama, ya ɗora ribarsa. Kullum ka danna kuɗin ƙasar da kake tsaye a cikinta, ka bar bankinka ya yi canjin. In mai shago ya yi saurin danna maka, ka ce a soke a sake.

Tikitin shiga manyan wurare shi ne inda na fi son mu daɗe, domin nan 'yan kamasho suka fi ƙwarewa. Ka nemi tikitin Kolosiyam, tsohon filin wasan Rumawa a Roma, a intanet, shafukan da za su fara fitowa na dillalai ne masu biyan talla, wasu har sun kwaikwayi kamannin shafin hukuma. Tikitin asali yuro 18 ne, kuma ya haɗa da kufan tsohon dandalin Rumawa da tudun Palatino. Dillali zai sayar maka da shi ninki biyu ko uku da sunan ba za ka bi layi ba, alhali tikitin asalin ma yana ɗauke da lokacin shiga, layin binciken jami'an tsaro kuwa babu mai tsallake shi. A Afrilun 2025 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci tarar wasu kamfanoni kusan yuro miliyan 20 saboda yadda ake kwashe tikitocin a ɓoye, har baƙo ya rasa na asali ya koma sayen mai tsada. Tikitin yanzu da sunan mai shi yake fitowa, ana kuma iya neman shaidarka a ƙofa, don haka wanda wani ya zaro daga aljihu a bakin titi zai iya zama takarda kawai.

Katin bai-ɗaya na gidajen tarihi kuwa ba damfara ba ne, amma ba kowa yake yi wa rana ba. Paris Museum Pass bai haɗa da hasumiyar Eiffel ba, Roma Pass bai haɗa da gidajen tarihin Batikan ba, kuma da yawa ba sa gane haka sai a ƙofa. Ɗauki takarda ka rubuta wuraren da da gaske za ka shiga, ka tara kuɗinsu ɗaya bayan ɗaya, ka gwada da kuɗin katin. Ka yi wa kanka gaskiya: manyan wurare biyu a yini sun ishi ƙafa, in da yara ko dattijo ma ɗaya ya isa. Wanda ya sayi kati yakan koma gudu daga gini zuwa gini don ya fanshe kuɗinsa, ya dawo gida bai riƙe komai a ka ba. A Landan ma ba ka bukatarsa don manyan gidajen tarihi, shiga British Museum da National Gallery kyauta ne.

Wasu wuraren sunansu ya fi su girma. Zanen Mona Lisa a gidan tarihin Louvre na Paris santimita 77 ne a tsaye, 53 a kwance, yana bayan gilashi, tsakaninka da shi akwai shinge da dandazon wayoyi a sama. Wanda ya biya yuro 22, kuɗin shiga a 2024, don wannan kaɗai ya yi asara. Amma Louvre ɗin kansa ya cancanci fiye da haka. Sashen fasahar Musulunci da aka buɗe a 2012 da ɗakunan Masar ta dā za su cinye maka yini cikin natsuwa, sai dai ka tuna ba a buɗewa ranar Talata. Mutum-mutumin 'yar ruwa na Kopenhagen tsayinsa mita 1.25 ne kacal. Bukkar sojoji ta Checkpoint Charlie, tsohuwar mashigar Katangar Balin, kwaikwayo ce, ta asalin tana wani gidan tarihi. Irin waɗannan in hanya ta bi da kai ka duba, kada ka ware musu rana. Ita kuwa Eiffel, daga ƙolinta abin da ba za ka gani ba shi ne ita kanta. Kyawunta daga dandalin Trocadéro ake gani, ba ko sisi. In hawa kake so, matakala 674 za su kai ka hawa na biyu da kuɗi kaɗan, layinsu kuma ya fi gajarta.

Dalolin Giza na Masar dabam ne. Duk abin da aka faɗa maka a kansu bai kai ganinsu ba, kada hayaniyar wurin ta hana ka zuwa. Abin da ake shiryawa shi ne masu raƙuma da dawaki. Za a ce maka hawa kuɗi kaɗan ne, ko ma a ce hoto kawai za ka ɗauka. Da raƙumi ya miƙe da kai, ka duba ƙasa ka ga nisanta, sai cinikin sauka ya taso. Ku gama magana tun ƙafarka na ƙasa: nawa, da wane kuɗi, minti nawa, zuwa ina, hawa da sauka, mutum ɗaya ko duka, kuma biya sai an dawo. Wanda ya ce a ba shi tikitinka ya duba alhali ba a ƙofa yake ba, kada ka sakar masa. In kana da ƙarin yini, je Saƙƙara ka ga dala mai hawa-hawa ta Fir'auna Zosar, wadda ta girmi na Giza, ka wuce Dahshur inda za ka iya tsayawa gaban Jar Dala kusan kai kaɗai.

A Santambul zaɓin na tsakanin Aya Sofiya, tsohon cocin da ya zama masallaci, da masallacin Sulaimaniyya ne. Tun Janairun 2024 baƙin da suka zo kallo suna biyan yuro 25 a Aya Sofiya, kuma benen sama kawai ake kai su. Gini ne da aka kammala a shekara ta 537, mai son tarihi ba zai yi da-na-sani ba. Amma in ɗaya za ka ɗauka, ni Sulaimaniyya zan ce. Babban magini Sinan ya gama shi a 1557, shiga kyauta, cunkoso kaɗan, daga farfajiyarsa kuma kana kallon ruwa da jirage har tsallake.

Ruwan ma farashi biyu gare shi. A Benis ta Italiya, kwalekwalen gondola yuro 90 ne na minti 30 da rana, 110 da dare, kuma na jirgin ne gaba ɗaya har mutum 5, kada a lissafa maka kai-kai. In ɗanɗanawa kawai kake so, akwai wanda ake kira traghetto, yuro 2 ya tsallakar da kai babban mashigin ruwan. A Santambul jirgin fasinja daga Eminönü zuwa Üsküdar zai ɗauke ka daga Turai zuwa Asiya da kuɗin motar haya. A Dubai ƙaramin jirgin abra dirhami 1 ne.

Gidan abinci ba ya bukatar dogon bayani. Wanda ke fuskantar babban dandali, da mai kira a ƙofa da hotunan abinci a harsuna shida, kuɗin haya za ka biya masa. Shiga lungu na biyu ko na uku. A Italiya ka duba kuɗin zama da ake kira coperto a ƙasan takardar, ka kuma lura da kifin da aka sa wa farashi a kan giram 100. A Faransa ruwan famfo a tulu kyauta ne, kuɗin hidima kuma yana cikin farashi.

'Yan damfarar kan titi dabararsu ɗaya ce ko da kayan aiki sun bambanta: mai ɗaura maka zare a hannu a gindin cocin Sacré-Cœur a Paris, mai goge takalmi da ya yar da burushi a gabanka a Santambul don ka tsince masa, mai kirkin da ya ce Fadar Sarki a Bankok a rufe take yau amma ya san wani wuri. Dukkansu su suka zo wurinka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ka ce a'a sau ɗaya kana tafiya, in an ce wuri a rufe yake ka je ƙofar ka gani da idonka.

Inda ban taɓa jin zafin ƙarin kuɗi ba shi ne ɗan jagora na gaske, a wurin da duwatsu ne kawai in babu mai bayani, kamar Saƙƙara ko kufan Roma. Yawon rukuni mai arha ainun shi ne mai tsadar, domin rabin yinin a shagon turare, na darduma ko na takardar Fir'auna, wato papyrus, za a ƙare shi, inda jagora ke da kamasho a kan duk abin da ka saya, kuma wata takardar ma da ganyen ayaba aka yi ta. A Masar da Turkiyya jagora na ƙwarai yana da katin lasisin hukuma, ka nemi ganinsa. Sannan ka tambaye shi abu uku kafin ka ba da kafin alkalami: ko kuɗin shiga na cikin farashin, mutum nawa ne a rukunin, da shago nawa za a tsaya. In ya ce babu shago, ya rubuta maka haka a saƙon waya.