Asusun ƙasa na Mirriya a rumfar Inna mai tukwane

Masu tambayata inda nake samo asusun da yarana suke fasawa daren jajiberen layya, ga amsa: Kasuwar Dole ta Damagaram, ɓangaren masu tukwane, wurin wata dattijuwa da kowa ke ce wa Inna. Rumfarta ba allo ba suna. In kin ga tuluna a kife da tarin tanda a gefe, ki ce mai asusu kike nema, za a nuna miki. Daga Mirriya ake kawo mata kayan, garin da bai kai kilomita 20 daga Damagaram ba, wanda kowa ya san hannun maginan tukwanensa. Ki je ranar Alhamis da kasuwa ke ci sosai. Sauran ranaku sai ragowa, galibi waɗanda wasu suka ɗaga suka duba suka ajiye.

Ƙaramin na saye shi dala 30, babban dala 60, wato sefa 150 da sefa 300. Ana tayawa, amma ni kunya nake ji in tsaya ciniki a kan abin da bai kai kuɗin kabu-kabun da ya kawo ni ya mayar ba.

Ga yadda muke yi a gidanmu. Bayan ƙaramar salla yara sun gama yawon barka da salla, aljihu ya cika da goron salla, kuma kowace uwa ta san inda kuɗin nan ke ƙarewa: alawa da balan-balan, kafin kwana uku babu ko dala. To Alhamis ta farko bayan salla sai in kwashe su mu tafi wurin Inna, kowa ya zaɓi nasa da hannunsa. Daga ƙaramar salla zuwa layya wata biyu ne da ƴan kwanaki, daidai haƙurin yaro. In aka ce ya jira shekara, zai manta da abin ko ya fasa shi a ɓoye.

Kafin na ƙasa mun gwada na roba mai ɗan makulli, irin na kanti. Ya fi kyan gani, kuɗinsa kuma ya ninka na ƙasa. Sai dai babban ɗana ya gano bakin cokali yana buɗe shi, tun daga nan asusu ya zama aljihu na biyu. Na ƙasa ba ya karɓar wannan wayo. Abin da ya shiga ya shiga sai ranar fashi, kuma fashin nan shi ne duk daɗin abin a wurin yara.

Inna ta iya da yara, wannan kam na yaba. Da ta hango autana sai ta ce, “Maigidana ya iso, yau nawa ka kawo mini na cefane?” Ƴar tawa kuwa kishiya take ce mata, wai kada ta taɓa mata kaya. Su ma Kaka suke kiranta, suna rama tsiya. Tana barinsu su ɗaga wannan su ajiye wancan, ba ta tsawa, abin da ba kowane mai kayan fashi zai yarda da shi ba. Ita ta koya musu ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa: wanda ya gasu sosai ƙara yake yi wasai, wanda wuta ba ta ratsa shi ba sai ki ji dum. Kada ki ɗauki na biyun ko da ya fi kyau, don tun kafin ya cika gindinsa ke tsagewa. Akwai irinsu a cikin tarin, ba kuma ware su take yi ba, dubawa taki ce.

Babban aibin kayan shi ne baki. Maginan suna tsaga shi tun yumɓu na ɗanye, in aka gasa sai ya ƙara tsukewa. Dala 10 da dala 20 suna wucewa sumul, amma ƙwandalar sefa 500, mai ƙarfe kala biyu, kauri gare ta, ba kowane asusu take shiga ba. Ki tafi da ɗaya a hannu ki gwada bakin a nan gabanta. In ya ƙi, tana kankare shi da tsohuwar wuƙa, in kuma ya fashe a hannunta ba ta cewa ki biya. Takardar sefa 500 da aka fito da ita a 2012 tana shiga in an ninke ta, amma ba na ba da shawara. Ƙasa tana jan danshi, in kuma asusun yana ajiye a ƙasan ɗaki gara ba ta da kunya. Wani abin dariya: duk ƙwandalar sefa 250 da masu kanti suka ƙi karɓa a unguwa, cikin asusun yara take ƙarewa, manya na ba su ita suna jin sun yi kyauta. Ranar fashi ni ce mai canza musu ita, in je in yi ta fama.

Akwai masu zane, akwai lami. Mu lami muke saye, saboda yammacin ranar yara ke zama da farar ƙasa da ɗan shuni kowa ya yi wa nasa ado. Ƴar ta taɓa shafa wa nata lalle wai shi ma ya yi kwalliya, ya kuwa kama.

Daren jajibere, bayan isha, muna shimfiɗa tsohon zane a kan tabarma a tsakar gida. Auta ke farawa, da muciya. Yakan ɗaga ya fasa bugawa, ya sake ɗagawa, yayyensa na ihu, har sai babansu ya riƙe masa hannu sun buga tare. Kuɗi su watse cikin tsingaro da jar ƙura, kowa ya tsince nasa ya jera dala ashirin-ashirin. A nan nake gane wanda ya iya lissafi da gaske, ba a takardar lakwal ba. Babansu yana ƙara wa kowa daidai da daidai, don kada wanda ya tara kaɗan ya kwana da kuka. Doka ɗaya ce tawa: kafin kowa ya sayi abin ransa, sai an fitar da na goro da sabulun kakarsu da ke unguwar Birni, su kai mata da kansu. Ragowar suna riƙewa na ranar da za mu kallon hawan ƙaho a ƙofar fada. Tsingaron ma ba ya zuwa juji, ƴan matan unguwa na zuwa roƙonsa na ƴar gala-gala.

Tana da ƴan tukwanen wasa kuma, gasassu na gaske masu ɗaukar wuta, dala 20 ɗaya. Ranar layya in an gicciye raguna a jikin itace an kewaye wuta da su, nakan yanko wa yara ɗan guntun hanta su soya a ciki, a kan garwashi can gefe, ina tsaye a kansu. Sai dai ki jiƙa tukunyar ta kwana cikin ruwa, ki shanya, ki shafe ta da mai kafin ta ga wuta.

Abu biyu za ki tanada daga gida. Ba ta naɗe kaya, leda kawai take sakawa, kuma leda a kan kabu-kabu ba ta kai asusu gida lafiya, don haka ki riƙo kwando da tsumma. Sannan ba ta ajiye canji. In kika miƙa mata jika, wato sefa dubu, sai ta aiki yaro ya zaga rumfuna, ke kuwa kina tsaye cikin rana da ƴaƴa suna jan zanenki.