Wane littafin mashin kod ya kamata ka saya: Butterfield, Toni Baker ko Zaks?

Kafin ka tura kuɗi a sayo maka littafi, ka fara yanke wane furosesa kake so ka koyi mashin kod ɗinsa, wato umarnin lambobi da furosesa ke karantawa kai tsaye, don littafin da ya yi wa mai Commodore 64 daidai ba zai yi wa mai ZX Spectrum aikin komai ba. Kwamfutocin gida na farkon shekarun 1980 kusan duk gida biyu suka fito. Akwai gidan 6502 na kamfanin MOS wanda ya fito a 1975, shi ne a cikin Apple II da BBC Micro da VIC-20, sannan ƙanensa 6510 ne a cikin Commodore 64. Sai gidan Z80 na Zilog da ya fito a 1976, shi ne a ZX81 da Spectrum da Amstrad CPC da MSX. Umarnin wannan ba ya aiki a wancan ko kaɗan.

Ni dai in mai farawa ne ya tambaye ni zan ce 6502. Rajista, wato ƙananan ma'ajiyoyin lamba a cikin furosesa, uku kawai za ka riƙe a kai, A da X da Y, umarninsa gaba ɗaya 56 ne, a ƴan kwanaki ka saba da su. Z80 ya fi shi kayan aiki, yana da rajistocin da ake haɗawa bibbiyu kamar HL da DE da BC su riƙe lamba mai bit 16, yana da LDIR da ke kwashe tarin memori daga wuri zuwa wuri da umarni ɗaya, abin da sai ka rubuta zagaye da hannunka a 6502, amma fa yawan kayan nan shi ke rikita sabon shiga, sai ka ga mutum ya tsaya yana haddar teburi bai rubuta ko layi ɗaya ba. Kuma in ka taɓa buga gem ɗin kaset na jona wa talbijin irin na Famicom da aka cika kasuwanninmu da shi, toh jinin 6502 ne a cikinsa, wato abin da ka koya zai kai ka har can.

In ka zaɓi 6502, littafin Jim Butterfield ne na farko a wurina, Machine Language for the Commodore 64 and Other Commodore Computers, na 1984. Butterfield mutumin Kanada ne, a Toronto ya yi zamansa, ya rasu a 2007, kuma shekara da shekaru yana rubutu a mujallun Commodore yana amsa tambayoyin masu koyo, wannan sabon da masu koyo ana ganinsa a kowane babi. Ba ya fara maka da dogon bayanin ka'ida. Zai sa ka buɗe monita, wato ƙaramin shirin da ke nuna maka abin da ke cikin memori ya bar ka ka canza shi, irin Supermon ɗinsa, ka zuba umarni uku huɗu, ka kunna, ka duba da idonka me ya canza. Daga nan ya nuna maka yadda ake aron ayyukan da ke cikin ROM, misali ka sa harafi a A ka yi JSR, umarnin kiran wani aiki, zuwa adireshi $FFD2 ya fito a sikirin, ko $FFE4 ya karanto maka maɓallin da aka danna. Abin da na fi so game da shi, sai ka ji matsalar a jikinka tukuna sannan ya kawo maganinta, sai ka fara damuwa da yadda za ka maimaita abu sau goma kafin ya nuna maka rajistar X da reshe, wato umarnin tsallakawa zuwa wani wuri in sharaɗi ya cika. Rauninsa, ba littafin yin gem ba ne. VIC-II mai hoto da SID mai sauti ba su ne kan gaba a wurinsa ba, don haka in buƙatarka sifirayit, wato ƙananan hotuna masu motsi na gem, da kiɗa ne sai ka haɗa da Commodore 64 Programmer's Reference Guide ko Mapping the Commodore 64 na Sheldon Leemon, wanda ke bin memori adireshi bayan adireshi yana faɗa maka me ke zaune a wurin.

A ɓangaren Sinclair, kamfanin da ya yi ZX81 da Spectrum masu Z80, kuma Toni Baker ce. Mastering Machine Code on Your ZX81, sannan ta yi na Spectrum a 1983. Salonta na hira ne, kamar tana zaune kusa da kai, kuma tana sa ka juya umarni zuwa heksa, wato lissafi mai tushe 16, da hannu ka loda da ƙaramin shirin BASIC. Wahala ce, ba ƙarya, amma wanda ya yi wannan ba zai sake mantawa cewa C9 shi ne RET, umarnin dawowa, ba. A ZX81 ma RAM ɗin 1K ne kacal, har dabarar ɓoye kod ake yi a cikin layin REM na farko wanda ke farawa a adireshi 16514, kuma ta gina wasan dara na Turawa sannu a hankali a cikin littafin. Shawarata ka sayi na Spectrum, ka bar na ZX81 sai in son tarihin ne ya ja ka, saboda a Spectrum akwai kala da sauti kuma masu yinsa har yau sun fi yawa. Sai dai ka shirya wa sikirin ɗinsa. Memorin hoto yana farawa a 16384, bait 6144 ne, amma layukan ba a jere suke ba, a cikin harafi ɗaya layin da ke ƙasan wanda kake kai yana nesa da bait 256, sikirin ɗin kuma kashi uku ne, kala daban take a bait 768 daga 22528. Wannan ne ke karya gwiwar mutane da yawa, ba Z80 ɗin kansa ba.

Ka gwada wannan ka ji bambancin da kanka. A Commodore 64 lambobi shida ne, 169, 0, 141, 32, 208, 96, ka yi POKE ɗinsu daga 49152 ka buga SYS 49152, gefen sikirin ya koma baƙi. A Spectrum biyar ne, 62, 2, 211, 254, 201, ka yi POKE ɗinsu, ka kira da RANDOMIZE USR da adireshin da ka zuba su, gefen ya yi ja. Na farko rubutu ya yi a memori kawai, na biyu sai da ya tura ta ƙofar fitarwa. Wanda ya fi kwanta maka a rai, bi gidansa.

Yanzu Rodnay Zaks. Programming the Z80 ya haura shafi 600, kuma shi ne mutane ke fara saya don kaurinsa, suna ganin duk ilimin na ciki. Yana ciki ɗin kuwa, kowane umarni da bayaninsa, bait nawa yake ci, lokaci nawa yake ɗauka, waɗanne tutoci, wato alamomin sakamakon lissafi, yake taɓawa. Amma kamar ƙamus yake, ba wanda ke koyon magana daga ƙamus. Bai san Spectrum ɗinka ba, furosesa zalla yake koyarwa, ba zai faɗa maka yadda za ka sa ko ɗigo ɗaya a sikirin ba. Ka saye shi a matsayin na biyu, lokacin da ka fara tambayar ko INC yana taɓa tutar kari, a nan zai biya ka kuɗinka. Littattafan Lance Leventhal na 6502 da Z80 su ma layinsu ke nan, sun fi dacewa da mai son haɗa allon lantarki. The Complete Spectrum ROM Disassembly na Ian Logan da Frank O'Hara kuwa na uku ne, na wanda ya riga ya iya yake son karanta kod ɗin ƙwararru.

In ko heksa da bainari ba su zauna maka ba, akwai ƙaramin Machine Code for Beginners na Usborne na 1983, na yara ne mai zane-zane, ya taɓa Z80 da 6502 duka, kuma kamfanin da kansa ya sake shi kyauta a intanet. Kar ka raina shi.

Batun inji, don Allah kar ka fara da sayen tsohuwar kwamfuta. VICE na Commodore da Fuse na Spectrum, shirye-shiryen da ke kwaikwayon waɗannan kwamfutoci, kyauta ne, suna tafiya a kowace tsohuwar laftof, suna da monita a ciki da za ka tsayar da shirinka ka bi shi umarni ɗaya bayan ɗaya, in ya maƙale kuma ka sake kunnawa a daƙiƙa ɗaya. In daga baya ka nace sai ta gaske, ka nemi wadda aka yi wa Ingila ko Turai, don wutarsu da tsarin PAL ɗinsu sun yi daidai da namu, ta Amurka 110 take ci sai da taransifoma. Tsohuwar cajar Commodore 64 kuma an san ta da lalacewa ta tura wuta fiye da kima ta ƙone cif, ka sa kuɗin sabuwa a lissafi tun farko, ka haɗa da sitabilaiza.

Wajen sayen littafin na hannu ka sa mai sayarwa ya ɗauko maka hoton shafukan ƙarshe, domin teburin umarni da taswirar memori a can suke kuma su mutane suka fi yagewa su manna a bango. Ka duba bugun ma, na Butterfield akwai wanda aka faɗaɗa ya haɗa da Commodore 128, in farashinsu bai yi nisa ba shi za ka ɗauka.