Mafarauta a yi hattara da masu tallan madubin hangen nesa "mai auna tazara"

Salam 'yan uwa mafarauta da iyayenmu sarakunan baka, dan Allah a karanta wannan kafin wani ya tura kuɗinsa, musamman yanzu da ciyawa ta fara bushewa kowa na shirin shiga daji. Akwai wasu shafuka a Facebook da TikTok da suka dame mu da tallan madubin hangen nesa wai mai auna tazara, wai ka danna ya gaya maka mita nawa ne tsakaninka da barewa, wai na sojojin Amurka ne ana gani da shi har da dare, kuma kuɗin da suke faɗa bai kai na ƙaramar waya ba. Wallahi yawanci damfara ce.

Na gaskiyan akwai shi, ba ƙarya ba ne. Kamfanin Leica na Jamus ya fito da Geovid tun 1992, akwai EL Range na Swarovski daga Ostiriya, akwai na Zeiss, akwai Fury na Vortex da Fusion na Bushnell a Amurka. A cikinsa akwai wani siririn haske da ake kira leza da ido baya gani, idan ka danna maɓalli sai ta fita ta bugi abin da ka saita ta dawo, na'urar ta lissafa lokacin tafiya da dawowa sai lamba ta fito maka a cikin gilashin kana kallo. Shi yasa dole yana da batir, yawanci ɗan guntun nan CR2. Masu sauƙin cikinsu ɗaruruwan daloli ne, yawancin na Leica da Swarovski kuwa sun haura dala 2,000, to kai ka lissafa da canjin yau ka ga ko zai yiwu wani ya baka shi a kuɗin buhun masara harda kyautar jaka.

Abin da suke turo wa mutane iri biyu ne. Wani madubi ne kawai na roba an buga masa sunan babban kamfani a jiki, babu maɓalli babu wurin batir. Ɗayan shi ne ya fi ruɗa mutane, idan ka leƙa zaka ga layuka da 'yan lambobi a cikin gilashin, wani harda kamfas, wani ma yana da batir amma aikinsa kawai ya haska layukan. Irin na masu jirgin ruwa ne, kuma layukan nan zane ne basa motsi, sai ka san tsayin abin da kake kallo sannan ka zauna kayi lissafi da kanka, to wace gada ce zata tsaya jiran ka gama lissafi? Amma mai tallan zai nuna maka su a bidiyo yace ga mai auna tazarar nan.

Sai kuma wasan da suke yi da lambobi. Idan ka ga 10x42, ma'anarsa yana jawo abu sau 10, faɗin gilashin gaba kuma milimita 42, kuma 8x42 da 10x42 su ne mafarauta suka fi riƙewa don in ya wuce haka hannu rawa yake hoto ya dinga tsalle. Su kuma sai su rubuta 80x80 ko 180x100 a jikin abin da zai shiga aljihun riga, ka sa ruler ka auna gilashin ka sha mamaki. Rubutun nan kamar 114m/1000m shima ba nisan awo bane, faɗin filin da zaka gani ne daga mita 1,000. Jan fentin da ke kan gilashi kuwa da suke ce wa na ganin dare, babu abinda yake sai ma rage haske da ɓata kala.

Ko na gaskiyan ma lambar nisan awo da ke kan kwali ta abu mai sheƙi ce kamar kwanon rufi. Vortex da kansu sun rubuta wa Fury ɗinsu yadi 5,000 a kan abu mai sheƙi amma 1,600 a kan dabba, ga hazon hunturu namu da ke ƙara rage shi. Ni a ganina ma mai bindigar toka ko ta harsashin gwangwani da harbinsa baya wuce 'yan mitoci, madubi mai kyau na talaka 8x42 ya ishe shi, kuɗin leza asara ce.

Yadda suke cin kuɗin kuma sananne ne, mai tallan zai ce kaya na Legas ko Onitsha, saura guda biyu, turo rabi a saka maka a mota, sunan asusun daban da sunan shafin, kana turawa sai wata lamba ta kira wai direba ne a ƙara kuɗin waybil, daga nan sai bulok. Kace ayi kiran bidiyo ya danna a gabanka sai yace netwok.

In dai zaka saya to sai ka riƙe shi a hannu. Ka je filin ƙwallo, daga ɗigon fenariti zuwa layin raga mita 11 ne, babban fili kuma daga raga zuwa raga wajen mita 100 zuwa 110, ka danna ka gani ko lambar ta yi daidai, ka matsa baya ka sake dannawa, dole ta canza. Ka duba ko abu ɗaya yana rabuwa biyu a idonka, irin wannan ciwon kai zai sa maka. Ka nemi risit da lambar jikinsa, risit ɗin zai maka amfani ko a shingen jami'an tsaro, kun san yadda dajinmu ya zama yanzu.

Wanda kuma an riga an ci nasa, ya je bankinsa a ranar da shaidar turansfa da hotunan hirarsu, ya kai ƙara wajen 'yan sanda ko EFCC, sannan ya sanar da shugabannin ƙungiyar mafarautan yankinsu don shafukan nan sauya suna kawai suke yi su dawo da hotunan da suka saba.