Star Wars: Squadrons, kujeru biyar ga ayyuka huɗu

A labaran duniyar Star Wars, tawagar ƙananan jiragen yaƙi jirage 12 ce, kashi uku, kowane kashi jirage huɗu, kuma babban jirgin Daula samfurin Star Destroyer yana ɗaukar tawaga shida, wato jirage 72. Kamfanin Motive na birnin Montreal, wanda ya ƙera wasan bidiyo na Star Wars: Squadrons, kamfanin EA kuma ya fitar da shi ranar 2 ga Oktoba 2020, bai bi wannan lissafi ba. Ya rage tawagar zuwa mutum biyar a kowane ɗaya daga ɓangarori biyu masu yaƙi da juna, Sabuwar Jamhuriya da Daula, ya raba jiragen gida huɗu. Duk daɗin wasan da duk matsalarsa daga nan suka taso: ayyuka huɗu ne, kujeru biyar, kuma ba wanda zai tilasta wa kowa ya zauna a kujerar da aka fi bukata.

Gida na farko shi ne mayaƙi na gama-gari, X-wing a ɓangaren Sabuwar Jamhuriya, TIE fighter a ɓangaren Daula. Ba abin da ya fi kowa iyawa, ba kuma abin da ya gagare shi. Na biyu mafarauci ne, A-wing da TIE interceptor, masu gudu da saurin juyi amma jiki ba ƙwari, aikinsu su kakkaɓo 'yan wasan abokan gaba. Na uku mai ruwan bama-bamai, Y-wing da TIE bomber, masu nauyi da jure duka, su ake turawa kan manyan jirage. Na huɗu mai tallafi, U-wing da TIE reaper. A watan Disamba na 2020 aka ƙara B-wing cikin masu bam, aka ƙara TIE Defender cikin mayaƙa, kyauta.

Ɓangarorin biyu ba hoton juna ba ne, kuma wannan na daga cikin abubuwan da aka yi da hankali. Jiragen Jamhuriya duka suna da garkuwa, don haka matuƙi yana raba wuta tsakanin abu uku: inji, bindigar leza da garkuwa. Yana kuma iya tattara garkuwar gaba idan zai fuskanci bindigogin babban jirgi, ya mayar da ita baya idan an biyo shi. TIE fighter da interceptor da bomber ba su da garkuwa sam. A madadinta an ba su damar kwashe wutar inji nan take su zuba wa bindiga, ko su kwashe ta bindiga su zuba wa inji don tserewa. Saboda haka tawagar Daula tana kai hari a gurguje ta fice, ta Jamhuriya kuwa tana iya daɗewa a cikin wuta, muddin matuƙi yana tuna juya garkuwarsa.

Wutar nan ba a barinta a tsakiya. Sai an cika wa inji wuta sannan yake tara ƙarfin zabura, sai an cika wa bindiga take tara ƙarin lahani, garkuwa ma sai an cika mata take ninkuwa. Wanda ya bar komai daidai wa daida bai tara ko ɗaya ba, kuma shi ne kuskuren da ya fi kashe sababbin shiga. Na biyu shi ne danne totur har ƙarshe a lokacin juyi. Jirgi ya fi juyawa da totur a rabi, wanda ya cika shi kuwa sai ya yi ta faɗin da'ira, mai binsa ya yanko ta ciki ya same shi a sauƙaƙe.

Wasan yana da fage biyu na intanet. Dogfight gaba-da-gaba ne kawai, ɓangaren da ya fara kakkaɓo jirage 30 ya ci, kuma a nan rabon aiki bai da wani tasiri sosai. Inda tsarin tawaga yake nuna kansa shi ne Fleet Battles. Ana farawa da artabu a tsakiyar fili. Akwai ma'aunin ƙarfin gwiwa a saman allo, kakkaɓo ɗan wasa yana matsar da shi da yawa, kakkaɓo jiragen da kwamfuta ke tuƙawa yana matsar da shi kaɗan kaɗan. Ɓangaren da ya rinjaya shi ke fara kai hari, tare da rakiyar wani matsakaicin jirgi, CR90 ko Raider. Da farko sai an rusa jiragen tsaro biyu, Nebulon-B idan na Jamhuriya ne, Arquitens idan na Daula ne. Bayan nan ne hanya ke buɗewa zuwa uwar jiragen, MC75 ko Star Destroyer. Masu tsaro idan suka juya ma'aunin sai harin ya koma hannunsu, amma ɓarnar da aka riga aka yi tana nan, abin da ya rushe ya rushe.

A jikin uwar jiragen akwai sassa huɗu da ake hari: na'urorin garkuwa biyu, na'urar saiti da na'urar wuta. A Star Destroyer na'urorin garkuwar su ne ƙwallaye biyun nan da ke saman hasumiyar kwamanda. Rusa su yana yaye garkuwar jirgin, rusa na'urar saiti yana sa bindigoginsa su riƙa kuskure, rusa ta wuta kuwa yana buɗe wurare masu rauni a gangar jikinsa. Tawagar da ta san abin da take yi tana yanke shawarar wanda za a fara bugawa tun kafin a iso. Wadda ba ta sani ba, kowa ya kama nasa, a ƙare hari an taɓa komai ba a rusa komai ba.

Rabon kujerun da ya fi aiki a lokacin hari shi ne mai tallafi ɗaya, mafarauci ɗaya, sauran ukun masu bam da mayaƙa. Ɗaya daga cikin ukun ya ɗauki makamin ayon, wanda ke cinye garkuwa da sauri amma ba ya wa ƙarfe lahani sosai, sauran su biyo da manyan rokoki da bama-bamai. Jerin yana da muhimmanci: babbar roka tana tafiya a hankali, ana iya harbo ta a hanya, kuma idan ta faɗa kan garkuwar da ba a karya ba an yi asararta. Idan harin ya juya, ana iya shiga rumfar uwar jiragen a sauya jirgi, kuma ya kamata a sauya. Y-wing ba shi da amfani sosai wajen korar mafarauta, amma yana da amfani wajen share jiragen kwamfuta da yawa a lokaci guda da kuma rusa jirgin rakiyar abokan gaba, wanda faɗuwarsa ke jan ma'aunin sosai. Wannan aikin shara ba mai son yinsa, alhali sau da yawa shi ke juya wasa.

Mai tallafi shi ne kujerar da ake gudu. Jirginsa babba ne, saurin juyinsa kaɗan, kuma sunansa ba ya hawa saman jerin masu kisa. Amma shi ke harba wa abokin tafiya kayan gyara da harsasai ba sai ya koma baya ba, shi ke lulluɓa masa garkuwar wucin gadi, shi ke ɓoye tawaga daga na'urar hangen abokan gaba, shi ke sa wa maƙiyi alama don rokoki su kama shi da wuri. Ramin kayan taimako biyu ne kacal a kowane jirgi, don haka dole ya zaɓi biyu ya bar sauran. Matsayinsa kamar na mai tsaron gida ne a ƙwallo, ba a tuna shi sai ranar da babu shi. Inda ake samun matsala shi ne idan ya kutsa gaba tare da masu bam. Wurinsa bayansu ne, kusa da jirgin rakiya, inda bindigogin jirgin za su kare shi. Mafaraucin tawaga kuma idan ya bi wani A-wing har ƙarshen fili don neman kisa ɗaya, ya bar masu bam a buɗe, an gama da harin.

Ɓangaren labari na mutum ɗaya, wanda akasarinsa ke faruwa bayan yaƙin Endor na fina-finan Star Wars, yana da gabatarwa da ayyuka 14, ana karɓa-karɓa tsakanin tawagar Vanguard ta Jamhuriya da tawagar Titan ta Daula. Makaranta ce mai kyau ta koyon jirage da kayansu, amma ta fuskar jagorantar tawaga ya yi rauni. Umarnin da za ka iya bayarwa kaɗan ne, kamar ka nuna abu ka ce a kai masa hari ko a kare shi. Wanda ya buga FreeSpace 2 na kamfanin Volition, na 1999, zai ji bambancin nan da nan. A can jirage suna cikin rukunoni masu suna Alpha, Beta da Gamma, kana zaɓa musu jirgi da makami kafin tashi, kana kuma iya umartar jirgi ɗaya ko rukuni ɗaya ko kowa da kowa: a rusa bindigogin wancan, a kashe injinsa, a rufa mini baya, a janye. Ko Wing Commander na 1990 ya bar abokin tashinka ya mutu ya tafi ke nan. A Squadrons abokan tafiyarka na labari ba sa mutuwa saboda sakacinka, don haka ba abin da ke sa ka damu da su a fagen daga. Hirarsu a rumfa ma tsayawa kake kana saurare, ba ka da amsa.

Babban aibun wasan a intanet ya fito ne daga salon tuƙi. Akwai dabarar zamiya: ka zabura, ka yanke inji, jirgi ya ci gaba da sulalewa kana juya hancinsa inda kake so. An yi ta don a juyo wa mai bin baya. Ƙwararru sun gano yadda za su jera gajerun zabura da zamiya ba tsayawa, jirgi ya riƙa tsalle nan da can har saiti ya gagara. Sakamakonsa shi ne mai bam ko TIE Defender a hannun gwani ba ya bukatar rakiya, kuma da zarar haka ta faru rabon aikin da aka gina wasan a kansa ya raunana. Tun farko waɗanda suka ƙera wasan sun ce ba su yi shi don a riƙa ƙara masa kaya shekara da shekaru ba, shi ya sa aka sayar da shi dala 40 ba tare da sayayyar cikin wasa ba. Hakan ya yi kyau ga aljihu, amma gyare-gyare sun tsaya, 'yan wasa sun ragu, kuma sabon shiga yana iya faɗawa hannun tawagar da ta shekara tana atisaye tare.

Mafita ga masu farawa ita ce Fleet Battles da ake karawa da jiragen da kwamfuta ke tuƙawa, wanda mutum biyar za su iya shiga tare, ko kuma wasan gayyata da aka ƙara a Disamban 2020. Ana iya haɗuwa tsakanin PlayStation 4, Xbox One da kwamfuta, don haka tara mutum biyar bai dogara da na'ura ɗaya ba. Alamar nuni da ke cikin wasan ba ta isa ta tsara hari ba, sai da magana ta murya, kuma mutum ɗaya ya riƙa kiran abin da za a buga da lokacin janyewa. Duk wasan daga cikin kujerar matuƙi ake ganinsa, ba kallo daga waje. Da gilashin VR, wanda ake sawa a ido a ga kamar ana cikin jirgin, wannan ya zama riba, musamman a A-wing da X-wing masu faɗin taga, inda za ka waiga ka ga abokin tafiyarka. A cikin TIE kuwa taga ɗaya ce zagayayya a gaba, dole ka dogara da na'urar hange da abin da 'yan tawaga ke faɗa maka.