Horon kiyaye haɗari ga ma'aikatan filin wasa da na lambu a Gombe: abin da ya amfane mu da inda ya gaza

Wata cibiya mai zaman kanta a garin Gombe tana ba da horo kan kiyaye lafiya a wurin aiki ga masu kula da filayen wasa, da masu lambu, da masu gonakin noman rani, kuma na tura ma'aikatan filin ƙwallon da nake kula da shi, ni ma na zauna tare da su. A ganina horon ya cancanci kuɗinsa, amma saboda ɓangaren da aka yi a fili ne, domin wanda aka yi a aji bai dace da mutanenmu ba.

Darasin maganin feshi shi ne ya fi kowanne nauyi. Malamin bai zo da kayansa ba, sai ya ce kowa ya ɗauko famfon goyon da yake aiki da shi, aka cika da ruwa zalla, kowa ya goya, kuma kafin a gama zagaye ɗaya an ga yadda wasu famfunan ke yoyo suna jiƙa bayan riga. Daga nan ya bayyana da Hausa cewa guba tana shiga jiki ta fata kamar yadda take shiga ta baki da hanci, musamman idan mutum yana gumi. Ya nuna launin da ke ƙasan takardar kwalba, inda ja ke nufin mafi haɗari, sai rawaya, da shuɗi, da kore, abin da ko wanda bai yi boko ba zai iya riƙewa. Ya hana busa bakin famfo idan ya toshe, ya hana feshi da tsakar rana ko fuskantar iska, kuma ya dage a ɗauraye kwalbar da ta ƙare sau uku a huda ta, don kada ta koma gida a zuba mata man gyaɗa ko ruwan sha. Da wani dattijo mai lambu daga Dadin Kowa ya ce su madara ko manja suke ba wanda magani ya buge, malamin bai kunyata shi ba, ya ce masa: "Baba, waɗannan ba sa karya guba, a cire masa tufafin, a wanke shi da ruwa da sabulu, a tafi asibiti da kwalbar a hannu."

Batun saran maciji ma an ba shi haƙƙinsa, kuma dole ne a yi hakan a jihar da asibitin Kaltungo ya yi suna wajen jinyar waɗanda kububuwa ta sara. An koya mana kada a ɗaure wurin da tsumma ko roba, kada a tsaga, kada a tsotse, a hana gaɓar motsi a gaggauta zuwa inda ake da allurar maganin dafi. Masu yankan ciyawa a bayan raga da gindin katanga su ne suka fi buƙatar jin wannan, domin da silifa suke shiga.

A ɓangaren wasanni an tuna mana da Samuel Okwaraji, ɗan ƙwallon Najeriya wanda ya yanke jiki ya faɗi ya rasu a filin wasa na Legas a 1989 ana tsakiyar karawa da Angola, sannan kowa ya gwada danna ƙirji, wato taimakon gaggawa ga wanda zuciyarsa ta tsaya, a jikin mutum-mutumi, dannawa 30 da hura numfashi 2. Sai dai mutum-mutumin guda ɗaya ne ga jama'a da yawa, kuma na'urar farfaɗo da zuciya a hoto kawai muka gan ta. An taɓo kafe sandunan raga da dakatar da wasa idan ana tsawa, amma a gurguje.

Inda horon ya gaza shi ne zaman aji. An haska mana hotunan masana'antu da rubutu da Turanci, alhali yawancin mahalarta leburori ne da masu ban-ruwa, kuma takardun da aka raba babu ko shafi ɗaya da Hausa. Kayan kariyar da aka nuna rigar roba ce mai kauri, wadda ba wanda zai jure ta a zafin Afrilu a Gombe, kuma ba a faɗi abin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya samu a kasuwa a madadinta ba. An ambaci dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 da kashi 1 cikin 100 na albashi da mai ɗaukar ma'aikata ke biya wa NSITF, hukumar gwamnati mai kula da biyan wannan diyya, amma da aka tambaya game da ɗan ƙwadago da ake sallama kullum da yamma, amsar ba ta gamsar da kowa ba, alhali irinsa ne ya fi yawa a gonakinmu.

Kuɗin zai yi wa mai lambu ɗaya nauyi, shi ya sa ya fi kyau ƙungiyar manoma ko masu filaye su haɗa hannu su ɗauki malamin. Wanda zai yi haka ya sharɗanta tun kafin ya biya cewa a gonarsa ko filinsa za a yi horon, da Hausa, da kayan aikin ma'aikatansa, kuma ya tura masu goya famfo da masu tura injin yankan ciyawa, ba shugabanninsu kaɗai ba.