Ruwan kuza a kan jan ƙarfe: abin da na gani a wani shago a Jidda

Duk mai aikin lantarki a Jidda ya san abin da iskar Bahar Maliya ke yi wa ƙarfe, domin laima da gishirinta ba sa barin jan ƙarfe sai ya yi duhu, wani lokaci har ya koma kore. Wannan ne ya sa na kai sandunan jan ƙarfe na wani allon rarraba wuta wani shago da ke unguwar masana'antu a kudancin birnin, na ce a yi musu ruwan kuza.

Mai shagon ya fara tallata mini ruwan azurfa, kuma hujjarsa ba ta faɗi ba, tunda babu ƙarfen da wutar lantarki ke ratsawa cikin sauƙi kamar azurfa. Idan aka ba jan ƙarfe maki 100, azurfa tana da kusan 105, kuza kuwa ba ta wuce 15 ba. Sai dai shafen siriri ne ƙwarai, bai kai kaurin gashin kai ba, don haka tazarar da wutar ke ratsawa a cikin kuzar ba ta taka kara ta karya ba. Ga shi kuma kuza tana da laushi, idan aka ɗaure noti sai fuskokin sandunan biyu da aka haɗa su manne sosai, kuma tana rage lalacewar da ke aukuwa inda jan ƙarfe ya haɗu da alminiyam. Azurfa kuwa, ban da tsada, baƙi take yi inda iska ke ɗauke da farar wuta.

Aikin kuzar ya yi kyau, shafen ya zauna daidai har cikin ramukan noti, ban ga inda ya ɓare ba.

Inda suka yi sake shi ne akwatin allon, wanda suka fesa wa fentin gari suka gasa ba tare da sun rufe wurin ɗaura wayar ƙasa, wato wayar da ke kai wutar da ta kauce hanya zuwa ƙasa, ba. Irin wannan fenti ba ya barin wuta ta wuce, shi ya sa da na ɗora mitar gwaji, mai yin ƙara idan wuta na iya wucewa, tsakanin notin wayar da jikin akwatin ba ta yi ƙara ba, sai da na kankare wurin har ƙarfen ya fito fili. Zan sake kai musu sandunan jan ƙarfe, amma akwati sai na manna tef da hannuna a kowane wurin haɗi kafin in miƙa musu.